Ganyen fulawata na ta komawa ruwan ɗorawa, ruwan bohol ne ko mi?

UmmuHaidar_KT:
Assalamu alaikum jama'a, ya sanyi. Dan Allah masu sanin harkar shuka ku taimaka mani kar in yi asara. Tukwane bakwai gare ni tsakanin falo da baranda nan Ƙofar Ƙaura, shekara biyu ina lallaɓa su lafiya lau, amma tun wajen ƙarshen Nuwamba abu ya canza. Iksora guda biyun nan masu jan fure, duk sabon ganyen da ya fito sai ya fito ruwan ɗorawa fayau amma jijiyoyin cikin ganyen kore shar kamar an zana da biro. Ita kuma fis lili bakin ganyenta ke ƙonewa, na ƙasa kuma duk sun yi yaushi. Abin da na san ya canza shi ne famfon layinmu ya daina zuwa sosai sai muka koma sayen ruwan bohol wajen mai kura. Maƙwabciyata ta ce wai pH ne, ni kuma rabona da pH tun ajin kemistiri a sakandare. Ruwan ne ko wata cuta ce ta kama su? Ga hoto nan na sa.

Sadiya_Layout:
Wa alaikumussalam Anti. Ni ma haka tawa ta yi bara, na ɗebo NPK cokali guda na zuba mata, kwana huɗu ta ida mutuwa 😭 don haka duk abin da za a ce maki kar ki fara da taki

Dan_Marusa:
Yunwa ce kawai Hajiya. Ganye in ya yi ɗorawa abinci yake nema, ki samu yuriya ki barbaɗa kaɗan ki bi da ruwa, sati ɗaya za ki ga sun yi shar. Ba wani pH, 'yan boko ne da son wahalar da abu mai sauƙi.

BabaMaiLambu_Ajiwa:
Ɗan Marusa wanga magana taka ta gonar masara ce ba ta tukunya ba. Ni tun ina saurayi nike lambu bakin dam ɗin Ajiwa, kuma in an kawo mani ganye mara lahiya tambayata ta farko ɗaya ce, wane ganye ya fara, na ƙasa ko na sama? In tsohon ganye na ƙasa ne ya koɗe gaba ɗai har da jijiyarshi, to nan ne ake maganar yuriya. Amma ɗiyata ta ce sabon toho ne, kuma jijiya kore. Wanga ba yunwar yuriya ba ce. Mun sha ganin shi ga dashen lemu, musamman inda aka taɓa zubar da toka ko kusa da ginin siminti. Ɗiyata ki gaya mani gaskiya, mi kika zuba cikin tukwanen banda ruwa?

Malam_Kemistiri:
Baba ya riga ya yi rabin aikin, Allah ya ƙara girma. Bari in ƙara bayanin dalili. Abin da ke hoton farko alamar rashin sinadarin ƙarfe ce, ayon. Shuka tana iya kwashe naitirojin da magnesiyom daga tsohon ganye ta kai ma sabo, shi ya sa rashinsu ke fara bayyana a ganyen ƙasa. Ayon kuwa in ya shiga ganye ya zauna kenan, ba ya tashi, don haka sabon ganye ne ke fara shan wahala. Kuma yawanci ba wai babu ayon a ƙasar ba ne, akwai shi, jar ƙasar nan tamu ma ai ƙarfe ne ya ba ta launi. Matsalar in pH ya hau sama da 7 sai ayon ɗin ya ƙi narkewa, saiwa na zaune a kanshi amma ba ta iya sha. Kamar a kulle rumbu da hatsi a ciki a tafi da makulli.

Shi pH ma'auni ne daga 0 zuwa 14. 7 tsakiya, ƙasa da 7 ɓangaren tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Lemun tsami yana wajen 2 da ɗan wani abu, ruwan sama wajen 5.6, ruwan toka kuma yana kai 10 har ya wuce. Kuma kar lambar ta ruɗe ki, tsakanin 7 da 8 ba mataki ɗaya ba ne, ninki goma ne. Yawancin fulawar ɗaki sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 6.5, ita iksora ma tana cikin masu son tsami sosai, shi ya sa ita ce ta fara tona asiri.

UmmuHaidar_KT:
Ikon Allah. Malam na gode wlh da haka aka koya mana a makaranta da ban faɗi kemistiri ba 😂 Baba kun tambaye ni abin da na zuba, to kun ambaci toka gabana ya faɗi. Lokacin da tururuwa suka dame mu a baranda Hajiyarmu ta zo ta ce in sa toka, na ɗebo daga murhun maƙwabta na zuba kamar cikin hannu ɗaya a kowace tukunya ta baranda. Kuma kusan lokaci ɗaya ne da canza ruwan.

BabaMaiLambu_Ajiwa:
To ai kin ji. Cikin hannu guda ga tukunyar da ba ta wuce kwano biyu na ƙasa ba. Hajiya ba ta yi ƙarya ba, toka na korar ƙwari kuma a gona tana da amfani, amma gona faɗi gare ta ruwan sama na wanke ta. Tukunya ina za ta kai shi?

Yarima04:
Ni dai na ce baki ne. Kullum kina sa hoton baranda a status mutane na cewa masha Allah da baki ɗaya, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani 🤣

Gwaggo_Daura:
Kai Yarima ka bari ana maganar ilimi. Ni tambayata ga Malam, in ruwan bohol ne matsalar don mi mu nan Daura da ba mu san wani ruwa ba sai na rijiya da bohol shukokinmu ke lafiya? Moda da alobera na nan tsakar gidana sun fi shekara goma, ruwan alwala kawai suke sha.

Injiniya_Bohol:
Gwaggo kun yi tambaya mai kyau. Ni sana'ata kenan haƙa rijiyar burtsatse, kuma abin da nake so mutane su gane babu wani abu wai shi ruwan bohol guda ɗaya. Ruwa yana ɗauko halin dutse ko yashin da ya kwana a ciki ne. Na taɓa haƙa biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ruwan garai-garai sabulu na kumfa, ɗayan zartsi-zartsi ko wanki ba ya yi da daɗi. Wasu bohol ɗin ma tsami ne da su, ƙasa da 6.5, har su riƙa cin fayif na ƙarfe. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya yarda da 6.5 zuwa 8.5, kenan ruwan da yake 8.3 lafiyayye ne ga mutum amma iksora ba za ta gode maki ba. Don haka Maman Haidar kar ki yanke ma mai kura hukunci sai an auna. Ki tambaye shi ma ko wuri ɗaya yake ɗebowa, da yawansu duk inda layi ya fi gajarta nan suke zuwa.

Malam_Kemistiri:
Gaskiya ne Injiniya. Gwaggo kuma moda da alobera ai sojoji ne, ba su da tsirfa, ba a gwada lafiyar ruwa da su. Wani abu da ya fi lambar pH ɗin ruwan muhimmanci shi ne yawan alli da ke narke a cikinshi, bayikabonet. Ruwa biyu za su iya nuna 7.8 dukansu, ɗaya ɗigon lemu biyu ya sauke shi, ɗayan ki matse rabin lemu yana nan daram. Na biyun shi ne ke tura ƙasar tukunya sama a hankali, kullum kina ban ruwa kamar kina ƙara mata garin alli ne kaɗan-kaɗan. Gwajin da ba ya cin ko kwabo, ki leƙa gindin butar da kike dafa ruwan shayi. In akwai farin ɓawo manne a ciki to ruwanki mai nauyi ne. Ki duba bakin tukunyar da saman ƙasar ma ko akwai fari-fari kamar gishiri.

UmmuHaidar_KT:
Na leƙa ketul ɗin yanzu, fari fat kamar an shafa farar ƙasa, da can ba haka take ba. Bakin tukwanen ma akwai

Maman_Twins_Kwado:
Ki tari ruwan sama mana Anti, shi ne ƙarshen magana, nawa da shi suke rayuwa

Dan_Marusa:
Ruwan sama a Janairu a Katsina? Sai dai ta jira watan Yuni in fulawar na da haƙuri 😂

Maman_Twins_Kwado:
To ni tun Agusta na cika duro biyu na rufe su ruf saboda sauro, har yanzu da saura. Da zafi kuma ruwan da ke ɗiga daga AC nake tara, shi ma babu alli a ciki. Wanda bai tara ba ai shi ya so.

Bahaɗeje_a_KT:
Katsinawa kenan, ruwan sha na gagarar mutane ku kuna nan kuna auna ma ganye ruwa da lamba. Ku zo Haɗeja mu ba ku kogi kyauta

Dan_Marusa:
Ka riƙe koginka, in damina ta yi shi ke kwana cikin ɗakinku

Admin_Rabi:
Ku biyun nan ku kai wasanku waje dan Allah, baiwar Allah na neman mafita.

Sadiya_Layout:
Ni na ji an ce in ka bar ruwa ya kwana a buɗe yana gyaruwa, haka nake yi tun da waccan ta mutu. Kuma wata ta ce a binne ƙusa mai tsatsa cikin tukunya tunda ƙarfe ake nema

Malam_Kemistiri:
Sadiya ƙanwata, kwanan ruwa yana taimakawa ne in ruwan famfo ne mai warin kulorin, kulorin ɗin ke fita. Allin ba ya zuwa ko'ina. Ruwan bohol ma in ya kwana a buɗe pH ɗinshi hawa yake yi ba sauka ba, saboda iskar kabon da ke cikinshi ta tsere. Maganar ƙusa kuwa, tsatsa ita ce ainihin irin ƙarfen da ba ya narkewa, kin ƙara hatsi ne cikin rumbun da ke kulle. Abin da ke aiki shi ne ayon da aka haɗa musamman don ya zauna a narke, a jikin leda za ki ga an rubuta EDTA ko EDDHA. Na EDTA yana sakin ƙarfen in pH ya wuce wajen 6.5, na EDDHA shi ne ke jure ƙasa mai kanwa, ruwanshi ja ne kamar zoɓo. Amma ko an same shi faci ne kawai in ba a gyara ƙasar ba.

Gwaggo_Daura:
Tunda ka ambaci zoɓo, mu dai mun san in kanwa ta taɓa zoɓo launinshi na juyawa ya yi duhu har kore-kore. Ba za a iya gwada ruwan da shi ba a huta da sayen na'ura?

Malam_Kemistiri:
Gwaggo wallahi kun burge ni, da shi nake nuna ma ɗalibai a aji, kofi ɗaya lemu kofi ɗaya kanwa su ga ja da kore. Sai dai shi zoɓon kanshi tsami ne da shi sosai, yana shiga ruwan yake danne shi, don haka zai nuna maku kanwa da toka amma ba zai raba 7 da 8 ba, kuma nan ne rigimarmu take. Gara takardar gwaji ko na ɗigawa.

MaiKifi_Batagarawa:
Na ɗigawa gare ni, da shi nake duba ruwan tarwaɗa duk sati. Ana cika 'yar kwalba da ruwan a ɗiga maganin a girgiza a haɗa launin da katin. Maman Haidar ki turo yaro ya amsa, amma a dawo mani da shi dan Allah, na baya da na ba da aro har yau. Shawara ɗaya, kar ki sayi wannan mai ƙafa biyu da ake sokawa a ƙasa wanda ba ya amfani da batir, na saya na soka shi a ƙasar da na jiƙa da lemu ya ce 7, na soka a toka ya ce 7, ko a tuwo ka soka 7 zai ce. Kuma in kina so in ba yaron jarka ɗaya ta ruwan da nake canza ma kifi, ganye na son shi.

BabaMaiLambu_Ajiwa:
Kun bi iksora kun manta da ɗayar. Ni hoton na biyu bai yi mani kama da maganar tsami ko kanwa ba. Ɗiyata ita wagga fis lili tana ina, kuma kin sa mata toka? Tukunyar na da huji a gindi? Sau nawa kike ba ta ruwa?

UmmuHaidar_KT:
Tana falo Baba, ita ban sa mata toka ba. Tukunyar tangaran ce mai kyau da aka ba ni gudummawa lokacin biki, gaskiya ba ta da huji. Kullum da safe nake ba ta, da na ga tana yaushi ma sai na koma safe da yamma

BabaMaiLambu_Ajiwa:
Innalillahi. Kin ga wanda ruwa ya ci kina ba shi ruwa ya sha. Yaushin nan ba ƙishi ba ne, saiwar ce ta ruɓe ta kasa jan ruwa, da sanyin ga kuma ƙasa ba ta bushewa da wuri cikin ɗaka. Yau ɗin nan ki zazzage ta ki duba. Saiwa mai rai fara ce da ƙwari, matatta baƙa ce tana saɓulewa a hannu tana wari kamar kwata. Ki yanke matattun da almakashi mai tsabta, ki sake mata ƙasa da yashi mai tsakuwa da ɗan gawayi da ruɓaɓɓen taki, cikin abin da ke da huji ko da robar fenti ce, sai ki zura robar cikin tangaran ɗin in kwalliya kike so. Ruwa kuma sai kin tura yatsa gaɓa biyu kin ji ƙasa ta sha iska.

Nurse_Hauwa:
Ƙonewar bakin ganye kuma kar a manta da iskar hunturu, mu kanmu leɓe ke tsagewa balle ganye. Nawa duk shekara sai sun yi haka daga Disamba zuwa Fabrairu, in na haɗa tukwanen wuri ɗaya na ɗauke su daga bakin taga sai abin ya ragu. Sannan ki juya bayan ganyen iksorar ki duba, lokacin ƙura ne 'yan mitsi-mitsin jajayen ƙwarin nan masu saƙa kamar ta gizo ke yawa. Ki sa farar takarda a ƙasa ki kaɗa ganyen, in kin ga ɗigo-ɗigo na tafiya su ne. Nasu ɓarnar tsitsit-tsitsit take kamar an tsira allura, ba ta bin jijiya. Wani abu kuma tunda da yara a gidan, fis lili da moni filant in yaro ya tauna suna ƙona baki su kumbura shi, a ɗaga su sama.

Yarima04:
Yanzu fa an samu toka, an samu alli, an samu ruɓa, an samu ƙwari, an samu hunturu. Nawa bakin ne kawai aka ƙi amsa

UmmuHaidar_KT:
Jama'a ga rahoto. Haidar ya amso abin gwajin, Allah ya saka Mai Kifi. Ruwan mai kura ya ba ni tsakanin 7.5 da 8 a katin, ya fi kusa da 8. Ɗan ruwan famfo da ya zo jiya da dare 7. Fiya wata da muke sha wajen 6.5. Ƙasar iksora na yi yadda Malam ya ce mani ta inbox, ƙasa kofi ɗaya fiya wata kofi biyu na dama na bari rabin awa na tace, launin ya wuce 8 sosai. Fis lili kuma Baba kun yi gaskiya, da na juye ta ruwa ne ya tsiyayo baƙi ƙirin, warin sai da Abban Haidar ya fito daga ɗaki yana tambaya ko ɓera ne ya mutu 🙈 kusan rabin saiwar na yanke. Takarda ban ga komai na tafiya ba. To yanzu iksorar lemu zan matsa mata ko yaya?

Dan_Marusa:
Matsa mata lemu uku ki huta

Malam_Kemistiri:
A'a kar ki kuskura ki matsa kai tsaye, saiwar za ki dafa. Farko ki kwashe saman ƙasar da tokar ke ciki, in za ki iya ma ki canza yawancin ƙasar ya fi. Sai ki wanke wadda ta rage da ruwa mara alli kamar ninki biyu zuwa uku na girman tukunyar, ya bi ta huji ya fita. Na ban ruwan yau da kullum kuma ki cika jarka ki sa lemu ko binega kaɗan ki girgiza ki auna, ki ƙara ki auna, har ya sauko 6 zuwa 6.5, ki rubuta adadin da ya ci. Ba zan ce maki cokali kaza ba don ruwan kowa daban. Kuma ki haɗa na ranar kawai, tsamin lemu ba ya daɗewa, in ya kwana biyu lambar na komawa sama. Farar wuta ma tana sauke ƙasa amma sai an yi watanni. Ɗan Marusa in taki kake so dole, amoniyom salfet shi ne ke ja wajen tsami, ɗan kaɗan a narke cikin ruwa, shi ma sai ta farfaɗo.

Dan_Marusa:
Ashe dai an dawo maganata, taki ne 😎

Injiniya_Bohol:
Malam ni ina ganin lemun nan wahala ce. Tukwane biyu ne fa masu tsirfar, ta riƙa tara na famfo duk ranar da ya zo ko ta raba na mai kura da fiya wata rabi da rabi, sauran biyar ɗin su sha abin da kowa ke sha. Kuma wanda ya turo mani saƙo yana tambayar alimun, eh yana sauke pH amma alminiyom ne a ciki, in ya yi yawa saiwa yake kashewa, a bar shi wajen kwantar da laka.

BabaMaiLambu_Ajiwa:
Ni har yanzu tokar nike zargi. Wata biyu bai isa ruwa kaɗai ya kai ƙasa nan ba. Ta canza ƙasa ta ci gaba da ruwan mai kurarta mu gani, in sabon toho ya hito kore to a wanke bawan Allah. Kuma ɗiyata kar ki tsaya kallon ganyen da ya riga ya ƙone, shi ba ya dawowa, wanda zai hito bayan sati uku ko huɗu shi za ki kalla.

Malam_Kemistiri:
Baba tokar ce ta yi saurin, na yarda, amma ketul ɗin nan ma shaida ce. Tunda iksorar biyu ce ga dama ta samu, ta canza masu ƙasa iri ɗaya, ɗaya ta sha na mai kura zalla ɗaya ta sha wanda aka gyara.

UmmuHaidar_KT:
Wato in sadaukar da ɗaya saboda musunku 😂 to na ji, zan ɗaura ma ta Baba jan zare ta Malam kuma baƙi don kar Haidar ya rikita. Abban Haidar dai ya ce in fiya watan gidan ya fara ƙarewa da wuri shi da Malam ne.

Sadiya_Layout:
Anti ki riƙa sa mana hoto duk Juma'a. Ni kuma ga tawa moni filant ɗin, farin abu ne kamar auduga a maƙale inda ganye ya haɗu da kara, in na taɓa yana danƙo, shi ma pH ne?

MaiKifi_Batagarawa:
Sadiya wannan ƙwaro ne, ki dangwali sifirit da auduga ki goge su ɗaya bayan ɗaya ki sake dubawa bayan sati. Maman Haidar in kin gama da kwalbar a aiko mani kafin Asabar, ranar nake canza ruwa.